Mai Hannu da Maiƙo

Akwai waƙa guda da na gaji da ita tun kafin wasu daga cikinku su zo duniya, kuma da ita kaɗai mutane suka san ni. Na yi waƙoƙi ba iyaka. Na yi wa mahauta, na yi wa direbobin tasha, na yi wa matan da ke soya ƙosai a bakin titi, har wani jaki da ya ƙi tsallaka kwata a Gumbihini na yi masa waƙa, kuma a ganina ta fi wasu na manyan mutane kyau. Amma duk inda na zauna na ɗora molo a cinya, kafin in gama gyara tsirkiya sai wani ya ɗaga murya daga baya ya ce a yi musu ta Alhaji. A Kumasi haka, a Ankara haka, a Wagadugu ma inda rabin masu sauraro ba sa jin Hausa, ita suke jira. Ta shiga kaset, ta shiga rediyo, yanzu ga ta a waya, samari sun sa mata wani kiɗa mai bugun ƙirji wanda ni kaina ban gane ta a ciki ba. Ku 'ya'yana da jikokina, kun taso kuna jin ana kiran ta Waƙar Alhaji Bawa. Ba tasa ba ce, kuma yau na sami izinin faɗa.

Sai na fara da mahaifina, don ba za ku gane sauran ba sai da shi. Bagobiri ne, fataucin goro ya kawo shi ƙasar nan, ya sauka a unguwar Aboabo ta Tamale da niyyar kwana biyu, a nan aka binne shi. Ya haƙura da komai na Tamale, ya ci tuwonsu ya sha kokonsu, abu ɗaya ne ya kasa haƙura da shi: yadda mutanen nan ke magana. Ku da aka haifa a nan ba kwa jin komai, a bakinku namiji ya zo, mace ma ya zo, ku ce wa yarinya ka zauna. A gidanmu kuwa duk yaron da ya ce wa mace "ya" sai ya sha ranƙwashi a tsakar ka. Da wannan ranƙwashin na tashi, har na zama mai molo ina alfahari cewa Hausata ta gida ce ba ta kasuwa ba. Sai Allah ya haɗa ni da Sanatu, uwarku, 'yar Dagomba mai sayar da man kaɗe a kasuwar Aboabo, wadda a bakinta ta koyi Hausa tsakanin masu ciniki, kuma ba ta taɓa ce wa mace "ta" ba har ta koma ga Mahaliccinta.

Danginta sun ƙi ni da farko. Maroƙi ne, kuma baƙo, me za su yi da ni? Alhaji Bawa mai shanu, wanda nake yi wa waƙa tun ina saurayi, shi ya ɗauki goro ya yi ta zirga-zirga gidan dattawansu har suka gaji da ganin fuskarsa suka amince. Na ɗauka an gama, ashe ita ma tana da nata sharaɗin. Na same ta a rumfa tana dunƙula mai, ko kallona ba ta yi ba.

"Kar ka sa ni cikin waƙa," in ji ta. "Ka waƙa Alhaji, ka waƙa shanu nashi, ka waƙa kowa. Amma ran da na ji mutane kasuwa suna rawa da suna na, na koma gida na mba na."

Mba, wato mahaifinta. Na ce na yarda, a raina ina cewa magana ce ta budurwa, za ta wuce. Ba ta wuce ba. Mace ce mai kunya irin ta mutanen da, ko a biki ta gan ni ina wasa sai ta bi ta bayan taro kamar ba ta san ni ba. A gida kuwa ba a rufe mata baki. Hannunta kullum da maiƙo yake, komai na gidanmu akwai shatin yatsunta: ƙyauren ɗaki, hulata, kan yara, har molon nan, in ta matsar da shi za ta yi shara. Na yi ta faɗa, daga baya na lura fatar molona ba ta tsagewa da rani kamar ta sauran makaɗa, sai na yi shiru. Abin da ban yi shiru a kai ba shi ne Hausarta. In na shigo ta ce mini, "Rahi ya ƙi cin abinci," sai in tsaya ina dube-dube.

"Wane Rahi? Ni dai 'ya mace na sani a gidan nan. An haifa mini namiji ban sani ba?"

"Kai da wannan 'ta' naka," sai ta ce. "Mu a Dagbani kalma ɗaya ne. Mace 'o' ne, namiji 'o' ne. Ku Hausawa ku ka raba mutane kamar kaya na kasuwa."

Wannan gardamar muka yi ta yi har Rahinatu, babbarku, ta zama budurwa, kuma ba wanda ya ci wani. A daminar shekarar ƙafafun uwarku suka fara kumbura. Muka je asibiti, muka je wurin masu maganin gargajiya, aka yi rubutu, aka yi sauka, kumburin ya yi ta hawa. Rahinatu ta karɓi rumfar mai, ku ƙanana kuna makaranta, don haka da rana gida ni da ita ne kawai. Na daina amsa gayyata. Ina zama bakin ƙofar ɗaki ina taɓa molo a hankali don ta sami barci, ruwa na sauka a kwano. Ban yi niyyar yin waƙa ba, Allah ne shaida. Tsoro ne ya cika ni, kuma ni mutum ne da bai san inda ake kai tsoro ba in ban da molo. Wata rana bayan azahar na ji bakina yana cewa tsaya kaɗan, kar ki tafi, mai hannu da maiƙo. Na yi ta juya ta ina ƙarawa, ina zaton barci take.

"Wannan waƙa na waye?" Muryarta ta fito daga cikin ɗaki.

Na ce ta wata mata ce mai taurin kai.

"Ka karya alkawari."

Na ce ai ba suna a ciki.

"Ba suna, amma ga 'ki', ga 'ke' a ciki. Aboabo duka, mace nawa ke da hannu da maiƙo wanda miji nashi mai molo ne? Sake shi. Ka yi shi yadda ni ke magana."

Na shiga na zauna gefen tabarmarta. Ni ɗan Bagobiri, mai shatin ranƙwashi a ka, na buɗe baki na yi wa matata waƙa da Hausar kasuwa:

Tsaya kaɗan, kar ka tafi,
Mai hannu da maiƙo.
Kasuwan Aboabo bai tashi ba,
Ina za ka da rana tsaka?
Kai ka san kwanon kowa,
In ka tafi wa zai san nawa?

Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta, na ɗaga ta na ba ta ruwa. Da ta sami numfashi ta ce yanzu waƙar ta yi daɗi, yanzu Bagobiri ya iya Hausa. Sannan ta kama hannuna, nata hannun a bushe, karo na farko tun da na san ta, ta ce:

"Muddin kana fita da molo, kar ka gaya ma kowa na waye ne. Ko yara. In yara sun sani, Aboabo ya sani, kuma ba ni so a nuna kabari na a ce ga mai waƙa. Ran da ka rataye molo, ka gaya musu."

Na ce na yi alkawari. Ina jin ta ɗauka ba zan daɗe ba, don tun a lokacin ina yawan kukan na gaji da yawon biki. Ni ma haka na ɗauka.

A cikin wannan damina Alhaji Bawa ya riga ta, ya faɗi a kasuwar kara cikin shanunsa. Ita kuma ta bi bayansa ana gab da addu'ar arba'in ɗinsa. Ƙasar kabarinta ba ta bushe ba babban ɗan Alhaji ya zo gida, ya cire takalmi ya durƙusa, ya yi mini gaisuwa yadda ya kamata. Sannan ya ce sun san gidanmu ma da rasuwa, ba su da bakin roƙo, amma tsohon ya sha faɗa cewa ranar addu'arsa in ba a ji molona ba, to ba a sallame shi ba. Na dubi yaron. Ubansa ne ya ɗauki goro ya nemo mini matar da na binne. Na ce zan zo bayan malamai sun tashi, in yi ɗaya in dawo.

An cika layin gidan Alhaji da rumfuna, mahauta da dillalai da Fulani da Zabarmawa da Mosawa, mata can gefe suna rabon shinkafa. Rahinatu tana cikinsu, maƙwabta sun jawo ta don kada ta zauna gida ita kaɗai tana kuka. Na zauna da niyyar in yi tsohuwar waƙar Alhaji, wadda na saba, mai lissafin garkuna da kakanni. Yatsuna suka ƙi. Tun damina ta fara ba su taɓa wani kiɗa ba sai guda, suka koma can da kansu, bakina ya bi su. Ban ga taron ba, tabarma nake gani da kofin ruwa. Da na kai wurin kwano muryata ta karye, na ci gaba a haka. Sai da na tsaya na ji layin duka ya yi tsit, manyan mahauta suna share ido da bakin riga. Babban ɗan Alhaji ya taso ya rungume ni yana cewa wallahi haka Baba yake, hannunsa da maiƙo, ya san kwanon kowa a unguwar nan. Kuma gaskiya ya faɗa, haka Alhaji yake. Wani dillali yana riƙe da rikoda tun farko. Kafin Sallah babu shagon kaset a Tamale da ba a jin ta, an rubuta sunan Alhaji a jiki.

Da na koma gida da la'asar, Rahinatu tana tsakar gida tana wanke ƙoren mai na uwarta. Ba ta ɗago ba.

"Baba, waƙa ya yi kyau," in ji ta.

Na tsaya a bakin ƙofa, ta ci gaba da wanke-wanke.

"Mma na ya mutu, ba ka yi mishi ko layi ɗaya ba. Ya wanke maka, ya dafa maka, ya kwanta ciwo gaba naka. Amma mai shanu ka yi ma kuka gaba na mutane."

Maganar tana bakina, ta zo har haƙora. Ga molo a hannuna, ga ƙusa a bango. Da na rataye shi a ranar, da na kira ta na gaya mata, da shi ke nan. Amma ga ku ƙanana uku kuna leƙowa daga ɗaki, ni kuwa ban iya noma ba, ban iya awo ba, ban san wata hanyar kawo hatsi gida ba sai wannan icen da fata. Na jingina molon a inda yake zama, na ɗauki buta. Rahinatu ba ta sake tayar da maganar ba, ko sau ɗaya.

Kada ku ɗauka ta yi mini rashin kunya. Da ta yi ma da ya fi mini sauƙi. Ta riƙe ku, ta riƙe rumfa, ta yi aure ta koma Jisonayili tun ana noman masara a wurin. Ba Juma'ar da ba a kawo mini tuwo daga gidanta. In ta zo gaisuwa takan durƙusa, ta tambayi ƙafata da barcina, ta tashi. Amma ba ta ƙara zama inda nake wasa ba, kuma an gaya mini in waƙar ta fito a rediyon mota, sauka take yi ta nemi wata. Ta daina tsokanata, ita da ta gaji bakin uwarta. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai, kuma bai ragu da shekaru ba.

Za ku ce, to, da muka girma fa, da kowa ya kama sana'arsa? Na tambayi kaina wannan fiye da yadda za ku tambaye ni. Na ce bayan Sallah, na ce bayan damina, na ce bari in sallami bikin wane. Akwai daɗin tafi a ciki, ba zan ɓoye ba, wanda ya saba shiga taro a buɗa masa hanya ba ya son ranar da zai shiga ba a waiwaya ba. Amma babban dalilin ba shi ba ne. Duk lokacin da aka ce a yi ta Alhaji, su suna jin mai shanu, wasu suna jin ubansu ko ɗansu da ya tafi kudu bai dawo ba, ni kuwa ina bakin ƙofar ɗakin nan ruwa na sauka, ina ce wa uwarku tsaya kaɗan. Nan kaɗai ya rage mini da nake magana da ita. In na rataye molo na sami 'yata, amma na sallami uwarta. Na kasa zaɓa, sai na yi ta jan ƙafa, shekaru suka zaɓa mini. 'Yan jarida sun sha tambayata sirrin da ya sa waƙar ba ta tsufa, in ce musu Alhaji mutumin kirki ne. Na gaji da wannan amsar kamar yadda na gaji da hawa mota da kwanan tasha da murmushi ga masu ɗaukar hoto.

Bara muryar ta fara tafiya. A wani suna a Gumbihini na ɗauko waƙar, na kai tsakiya sai iska kawai ke fita. Ba wanda ya lura, taron ya ɗauke ta ya kai ta ƙarshe, yara da tsofaffi, ni ina kaɗa molo ina motsa leɓe. Na koma gida na kwanta, ban ji haushi ba, sai wata irin gajiya har cikin ƙashi. Ana nan sai ga saƙo daga Jisonayili: Rahinatu za ta aurar da 'yarta, takwarar uwarku, Sanatu ƙarama. Ɗan saƙon ya yi ta sosa ƙeya kafin ya ƙarasa. Wai ta ce Baba ya zo ya zauna a matsayin kaka, ya bar molo a gida.

Ban jira ranar biki ba. Da hantsi na naɗe molon a tsohon zane, na tare keken nan mai ƙafa uku da kuke kira yalo-yalo, ya yi ta jijjiga ni har Jisonayili. Na sami Rahinatu a tsakar gida tana tsince shinkafa a faranti, furfura ta fito mata a gefen kallabi, abin da ban taɓa lura ba. Ta ga abin da ke hannuna, fuskarta ta ɗaure.

"Baba, ba a gaya maka saƙo na ba?"

Na ce an gaya mini. Na ce ba wasa na zo yi ba, ajiya na kawo, ta nemo mini ƙusa, na gama da molo.

Ta kawo kujera, na zauna, na gaya mata duk abin da na rubuta muku a nan, tun daga sharaɗin rumfa har zuwa tabarma. Ba ta katse ni ba. Hannunta yana cikin shinkafa amma ya daina motsi. Da na gama ta ɗago ta dube ni.

"Shekara nawa, Baba?" in ji ta. "Ka bar ni ina ƙin waƙa na Mma na. Ina sauka mota saboda shi. Na hana yara na su sa shi a gida nan."

Na ce haka ne. 

"Kai da Mma duka, kai naku ƙarfi sosai," ta ce, tana share hanci da bakin zane. Ta ture farantin gefe. "To yi shi. Kafin ka rataye. Ban taɓa zama na ji shi daga baki naka ba tun ranar."

Na warware zanen. Yatsun sun yi nauyi amma sun san hanya. Na ce a raina yau ba sauran ɓoyo, bari in mayar wa 'yata waƙar yadda ta fara fitowa, a Hausar ubana, kowa ya ji mace ake nufi. Da 'yar muryar da ta rage na fara: tsaya kaɗan, kar ki tafi. Na kai ke kin san kwanon kowa, sai ta ɗaga hannu.

"A'a, Baba. Wannan ba shi ba ne. Mma ba ya magana haka. Mai da shi yadda ya ce."

Na mayar. Ban kai layi na uku ba muryar ta ƙare gaba ɗaya, sai molo kaɗai ke tafiya. Rahinatu ta ɗauka daga inda na tsaya, a hankali, idonta a rufe. Matar da ke sauka daga mota don kada ta ji waƙar nan, ba ta ɓata ko kalma ɗaya ba har ƙarshe.